Waɗanda Ke Zaune a Lokacin Shaida

Lokacin shaida yana cikin abin da na fi so a sujadar Lahadi. Mai jagora zai ce duk wanda Ubangiji ya yi wa alheri ya fito, sai layi ya miƙe. Wannan ta sauka lafiya bayan doguwar naƙuda, wancan motarsu ta ƙwace a hanyar Kaciya amma ko ƙwarzane babu, wani ɗansa ya sami gurbin karatu a Zariya, wata an sako mijinta daga hannun masu garkuwa da mutane. A buga ganga, zumuntar mata su ɗauki waƙa, a kai baikon godiya ana rawa. Ni ma ina tafi, kuma har zuciya nake yi. Sai dai kusan kowane benci yana ɗauke da wanda ya yi irin wannan roƙon, ya yi irin wannan azumin, aka kai nasa makabarta. Shi ba a kiransa gaba. Yana zaune yana tafa wa wasu, ya koma gida da tambayar da yake jin nauyin furtawa: to ni laifin me na yi?

Yayata tana cikin masu zaman nan. Ɗanta na biyu da ciwon sikila aka haife shi. Duk wanda ya taɓa kwana da mai wannan ciwo ya san abin da nake nufi: sanyin hunturu na sauka ƙasusuwa su ɗauka, yaro ya riƙa murƙususu yana cewa a danna masa ƙafa, idanu su yi rawaya, a ruga asibiti cikin dare a fara neman wanda zai ba da jini. Tun yana goye take roƙon Ubangiji ya warkar da shi. Ta yi azumi har jikinta ya nuna. Dattawan ikilisiya sun zo gida sun shafa masa mai sun yi addu'a, kamar yadda wasiƙar Yakubu ta umarta. Shi kansa yaron, idan ciwon ya ɗan lafa, yakan kama hannuna ya ce, "Kawu, ka roƙa mini Yesu kada ya dawo." Nakan roƙa. Ciwon yakan dawo. Yana da shekara 11 ya rasu, da asuba, a gadon asibiti, uwarsa tana tsakiyar addu'a.

Rashin yaron ciwo ne guda. Abin da mutanen Allah suka riƙa faɗa mata kuwa ciwo ne na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tun yaron yana da rai, wani baƙon mai wa'azi da ya zo taron farkawa ya gaya mata cewa la'ana ce ta gado, sai ta ba da kuɗi da sunan shuka iri kafin a karya ta, kuma idan da gaske ta gaskata to ta daina ba shi ƙwayoyin asibiti. Kuɗin ta bayar, ta sayar da keken ɗinkinta. Maganin ne ta ƙi dainawa, kuma na gode wa Allah da ta ƙi. Bayan jana'iza wata 'yar'uwa, da kyakkyawar niyya, ta zauna kusa da ita ta ce, "Maman yara, ki binciki zuciyarki, Allah ba ya ƙarya. In bai amsa ba, akwai abin da ya tare hanya." Wannan maganar ta fi wata shida tana cin ta. Ta bi rayuwarta kaf tana neman zunubin da ya kashe ɗanta.

Ba zunubi ba ne. Jininta AS ne, na mijinta ma AS ne, kuma idan irin waɗannan biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar zuwa da SS, wato sikila. A zamanin aurensu ba a damu da gwajin jini ba. Yanzu ikilisiyoyi da dama ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin, kuma wannan yana cikin mafi alherin dokokin da muka taɓa kafawa. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambayi Yesu ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, amsar da ke sura 9 ta Bisharar Yahaya ita ce babu ko ɗaya daga cikinsu. Mun karanta wannan tun muna makarantar Lahadi, amma da mun shiga gidan makoki sai bakinmu ya koma irin na almajiran.

Wurin da ya fi taimakona a Littafi Mai Tsarki kan wannan batu shi ne Ayyukan Manzanni sura 12, kuma nakan yi mamakin yadda muke wa'azinsa rabi. Kowa ya san ɓangaren Bitrus. Hirudus ya kama shi, ya sa sojoji 16 su riƙa gadinsa bi da bi, aka ɗaure shi da sarƙa biyu, ikilisiya ta duƙufa da addu'a a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus, mala'ika ya zo cikin dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Wa'azi mai daɗi, kuma gaskiya ne. Amma surar ba daga nan ta fara ba. Ta fara da cewa wannan Hirudus ɗin ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya ya kashe shi da takobi. Aya guda, aka wuce. Sarki ɗaya, birni ɗaya, ikilisiya ɗaya. Yakubu kuwa ba baƙo ba ne a wurin Yesu; shi da Bitrus da Yahaya ne ukun da ya hau dutse da su aka ga ɗaukakarsa, su ne kuma ya ja kusa da shi a Getsamani. Wa zai ce mutanen da suka kwana suna roƙo saboda Bitrus sun naɗe hannu a lokacin Yakubu? Luka, marubucin littafin, bai ba da dalilin da ya sa aka buɗe wa ɗaya ƙofa aka bar ɗaya ga takobi ba. Bai ce bangaskiyar Yakubu ta gaza ba. Ya rubuta biyun a jere ya bar su haka.

Akwai kuma wani abu a labarin da ya rushe lissafin masu cewa ƙarfin bangaskiya ne yake jawo amsa. Da Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar gidan mai suna Roda ta gane muryarsa ta ruga ta faɗa, sai masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Mutanen da aka amsa wa ke nan. Ko su ba su sa rai zai fito a daren ba. Ashe amsar ba ladan ƙarfin zuciyarsu ba ce, kamar yadda mutuwar Yakubu ba hukuncin rauninsu ba ce.

Mu Kiristocin arewa ba ma buƙatar a kai mu Urushalima kafin mu gane wannan sura, domin mun rayu a cikinta. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. 57 suka kuɓuta tun a farkon lamarin. Aka sako 21 a watan Oktoba 2016, aka sako 82 a watan Mayu 2017. Da aka cika shekara 10, fiye da 80 ba su dawo ba, kuma iyaye da dama sun mutu suna jira. Iyayen da suka rungumi 'ya'yansu a Abuja da waɗanda suka koma gida hannu wofi, majami'a ɗaya suke shiga, azumi ɗaya suka yi. A Dapchi, 19 ga Fabrairu 2018 aka ɗauke 'yan mata 110. Bayan wata guda aka dawo da kusan dukansu, biyar sun mutu a hannun maharan, aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi barin bangaskiyarta. Da wuya a sami yarinyar da aka yi wa addu'a a ƙasar nan kamar ita, amma shekaru suka yi ta wucewa ba ta dawo gida ba. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, an kama shi a farkon Janairu 2020. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya nuna bai karaya ba, ya ce yana hannun Allah, in ya sake ganin iyalinsa to, in kuma bai gan su ba nufin Allah ne. Ikilisiyoyi suka yi ta roƙo. Ranar 20 ga wannan watan aka kashe shi. Ina so wadda ta gaya wa yayata ta binciki zuciyarta ta je gaban matar wannan bawan Allah ta maimaita maganar, ta ji ko bakinta zai iya.

Na san ayoyin da za a kawo mini, kuma ba zan tsallake su ba. A Matiyu 7 Yesu ya yi alkawarin bayarwa ga mai roƙo. A Markus 11 ya yi maganar bangaskiyar da ke kawar da dutse. A Yahaya 14 ya ce zai yi abin da aka roƙa cikin sunansa. Manyan alkawura ne, ban da ikon rage musu nauyi, kuma su ne suke sa ciwon ya fi zafi, domin wanda bai taɓa sa rai ba ba ya jin an juya masa baya. Abin da nake cewa shi ne, bakin da ya yi waɗannan alkawura shi ne ya faɗi rubda ciki a Getsamani ya roƙa har sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala, kuma ba a ɗauke ba. Washegari a kan gicciye ya ɗaga murya da kalmomin farko na Zabura 22, yana tambayar dalilin da aka yashe shi. Duk fassarar da za mu yi wa alkawuran, dole ta iya ɗaukar wannan daren. In fassararmu ta ce rashin amsa alamar rashin bangaskiya ce, to mun tuhumi Ɗan Allah kansa.

Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi, ƙayar ta zauna. Mutumin da ake kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa wurin marasa lafiya a Afisa suna warkewa, shi ne ya rubuta wa Timoti cewa ya baro Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, shi ne kuma ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa mai yawan tashi. Ibraniyawa 11, surar jaruman bangaskiya, ta lissafa waɗanda suka tsere wa kaifin takobi, kafin a ja numfashi ta lissafa waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiya.

Akwai koyarwar da muka saba ji, cewa Allah yana amsa kowace addu'a da ɗaya cikin uku: i, a'a, ko jira. Ban ce ƙarya ba ce. Amma a aji take da amfani. A bakin kabari ba ta da ɗumi. Haka ma labaran da ƙarshensu ke da daɗi. Masu wa'azi suna son labarin Monika, mahaifiyar Agustin, wadda ta yi kuka tana roƙon kada ɗanta ya bar Kartaj ya tafi Rum a shekara ta 383. Ya yaudare ta ya shiga jirgin ruwa cikin dare, amma a can Italiya ne ya tuba, aka yi masa baftisma a Milan a 387. An hana ta ƙaramin abu aka ba ta babban. Labari ne na gaskiya, kuma Monika ta ga ƙarshensa da idonta kafin ta rasu. Yayata ba ta ga irin wannan ba. Babu wani alheri da ya biyo baya da za a ɗora a sikeli a ce ya kai nauyin yaron, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin nuna mata irin wannan alherin, ƙara mata ciwo ya yi. Akan ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Na ga masu haƙurin da har suka koma ga Ubangiji dutsen bai nuna ba, kuma ban yarda cewa sun fi kowa ƙarancin daraja a gabansa ba.

To me ya riƙe ta? Na lura da ita sosai a wannan lokacin, kuma abin da na gani bai yi kama da abin da ake rubutawa a ƙananan littattafan ibada ba.

Da fari ta daina addu'a gaba ɗaya. In an ce a rufe ido, takan rufe, amma ta ce mini bakinta ya bushe. Wani tsohon mai bishara da ya yi aiki shekaru a ƙauyukan Maguzawa ya zo gaishe ta, ta gaya masa haka tana tsoron zai tsawata. Sai ya ce, "'Yata, bar shi. Mu za mu yi miki." Ya tuna mata da shanyayyen nan na Kafarnahum da mutum huɗu suka ɗauko suka fasa rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu, Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani, ta masu ɗaukar. Wannan ya yi daidai da abin da muka tashi muka gani a ƙauye: in manomi ya kwanta ciwo da damina, ba a zuwa a yi masa faɗa kan ciyawar da ta cinye gonarsa, gayya ake kira a nome masa. Wasu mata uku na zumunta suka ɗauki wannan aikin. Kowace Laraba suna zuwa, su yi shara, su ɗora tukunya, ɗaya ta yi gajeriyar addu'a, ba sa ce mata ta ce amin. Sun fi shekara suna haka.

Tsohon ne kuma ya buɗe mata Zabura 88. Yawancin zaburar kuka suna juyawa a ƙarshe su koma yabo. Wannan ba ta juyawa. Mai ita ya yi kira dare da rana, ya ce Allah ne ya jefa shi rami, ya tambayi dalilin da ya sa aka ɓoye masa fuska, ya ƙare da maganar duhu. Aka sa ta cikin littafin waƙoƙin Isra'ila, aka rera ta a sujada. Masana suna lissafa kusan sulusin Zabura 150 a matsayin na kuka da ƙorafi. Yayata ta ce mini ba ta taɓa sanin an yarda mutum ya yi wa Allah magana haka ba. Da wannan zaburar bakinta ya buɗe, kuma addu'arta ta farko bayan rasuwar ƙara ce ta kai wa Allah a kan Allah. A ganina wannan addu'a ce cikakkiya. Mai yi wa Allah ƙorafi bai bar gidan ba; wanda ya tafi ai ba ya ma magana.

Littafin Ayuba ya tabbatar da haka ta hanyar da ya kamata ta tsorata mu masu yawan bayani. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suka shiga kare Allah, suna cewa ba a shan wahala banza, lalle akwai laifi. Ayuba kuwa ya yi ta faɗar maganganu masu zafi. A sura 42 Allah ya yanke hukunci: fushinsa a kan abokan yake, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi, kuma sai Ayuba ya yi musu addu'a kafin a karɓe su. Har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalilin abin da ya same shi ba. A nan nakan yaba wa gaisuwar makoki ta Bahaushe, wadda maƙwabtanmu Musulmi suka zo suka yi wa yayata: a zauna a tabarma, a ce ya haƙuri, Allah ya ba da dangana, a yi shiru, a tashi. Babu bincike, babu tuhuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yau tana addu'a, tana zuwa sujada, tana cikin masu ziyarar asibiti, kuma iyayen yara masu sikila sukan neme ta domin ta san lokacin da za a gudu asibiti da yadda ake rufe yaro da hunturu. Ba na kawo wannan a matsayin ladan rashin da ta yi. Ita ma ba ta yarda a faɗa haka. Har yanzu in watan rasuwarsa ya zagayo takan kwana biyu ba ta son magana. Begenta a tashin matattu yake, kuma takan ce tana da tambayar da za ta yi in ta isa. Ban taɓa jin cewa wannan ya rage mata bangaskiya ba. Bangaskiyar abokan Daniyel uku ma haka take: sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, kuma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Mun koya wa 'ya'yanmu rabin farko da waƙa da rawa. Rabi na biyun ne Lawan Andimi ya tafi da shi.

Ina roƙon fastocinmu da masu bishara da dattawa, in za ku yi wa'azin Ayyukan Manzanni 12, ku fara daga aya ta farko. Ku karanta zaburar kuka a gaban jama'a, a bar ta yadda take, kada a yi mata gyaran ƙarshe. Ku hana duk wanda zai hau bagadinku ya ce wa mara lafiya ya jefar da magani, ko ya sa wa warkarwa farashi. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, akwai gida a unguwarku da aka yi ta zaryar addu'a lokacin jinya, aka yi jana'iza, bayan mako biyu ƙafa ta ɗauke. Wata na uku da na shida ne suka fi wuya. Ka je a wannan makon, ka ambaci sunan wanda ya rasu, ka zauna, kuma in ba a tambaye ka dalili ba kada ka kawo.